Anti Dakata, Wadda Ta Wanke Ummanmu

A gafarce ni da na ɗauki alƙalami. Ni ba marubuciya ba ce, karanta abin da wasu suka rubuta kawai na iya, kuma ban taɓa jera magana don idon jama'a ba sai yau. Amma matar da zan yi magana a kanta ta ajiye aiki makon jiya, idan kuwa na yi shiru, ban ga wanda zai faɗa ba.

A wurin aiki Anti Dakata suke ce mata. Shekara ashirin da uku ta yi tana kula da manhajar da wani asibiti yake ajiye sakamakon gwajin marasa lafiya a ciki. Ofishinta yana can ƙarshen baranda, bayan ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru. Mai sharar wurin ta gaya mini kullum bakwai da rabi take iske ta zaune, ta tura takalmanta ƙarƙashin tebur, ta yafa tsohuwar rigar sanyi saboda ɗakin na'urori da ke jikin nata. Ba ta taɓa kwamfuta sai ta gama karanta ƙorafe-ƙorafen jiya, da fensir a hannu.

Aikinta farautar kuskure ne. Manhaja layi-layi ake rubuta ta, dubbai, kuma gudunta ya fi ƙarfin ido. Don haka mai gyara yakan sa jan ɗigo a gefen layin da yake zargi. Da manhajar ta iso nan sai ta tsaya cik, shi kuma ya leƙa ya ga abin da take riƙe da shi a lokacin. Abokan aikinta barbaɗa ɗigon suke yi ko'ina, su wuni suna danna "ci gaba" har yatsa ya yi tsami. Ita ɗaya tak take sawa, kuma sai ta ɗaura masa sharaɗi: kada a tsaya sai abu kaza ya faru. Takan yi awa biyu tana juya sharaɗin a takarda kafin ta rubuta shi. Duk wanda ya miƙo hannu zai taya ta dannawa, sai ta ce masa ya dakata, daga nan sunan ya bi ta. Ogansu yakan tsokane ta wai su suna aiki ita tana gadi. Takan ce ta yarda, amma ita ba ta tare duk wanda ya zo wucewa.

Shekara shida da suka wuce, ina 'yar sha huɗu, Ummanmu tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibitin. Sai sakamakon jinin wani dattijo ya faɗa cikin fayil ɗin wata mata. Aka ɗora matar a kan maganin da ba nata ba, har sai da aka ba ta gado. Allah Ya sa ta tashi. Da aka bincika, aka gano irin wannan har sau biyu a baya, kuma duka ukun Umma ce ta shigar. Sashen kwamfuta suka ce sun gwada fayil dubu arba'in, manhaja lafiyarta ƙalau. Aka dakatar da Umma, aka kafa kwamitin da zai duba korarta da karɓe mata lasisi.

Ba na son tuna gidanmu a watannin nan. Umma ta daina fita ko ƙofar gida. Takan sake wanke kwanonin da ta riga ta wanke. Gwaggo ta zo jaje, ta ce ai ido ne, shekaru sun fara, a yi haƙuri. 

Babu wanda ya sa Anti Dakata ta bincika. Ita ce ta ɗauko tarihin aikin Umma na shekara goma sha biyar, ta ga duk ɗakin babu mai ƙarancin kuskure kamarta, abin ya ƙi kwanta mata. Ta kira waya sau biyu, Umma ta ce ba ta da abin faɗa wa mutanen kwamfuta. A na uku Umma ta je.

Ta iske an tanadar mata kwamfutar gwaji da sunayen ƙarya da kwalaben jini da babu komai a ciki. Jan ɗigo ɗaya ne, a layin da ake ajiye sakamako, sharaɗinsa kuma shi ne: a tsaya kawai idan lambar majinyacin da ke kan allo ta saɓa da lambar da za a ajiye sakamakon a ƙarƙashinta. Umma ta wuni tana shigarwa, a ɗarare, kamar mai rubuta jarrabawa. Manhaja ba ta tsaya ba ko sau ɗaya.

"Haka kike aiki?" in ji Anti.

"Haka ake aiki."

"Ban tambaye ki yadda ake yi ba, 'yar'uwa. Yadda ke kike yi nake so, ranar da layi ya kai bakin ƙofa."

Washegari ta tula mata kwalabe fiye da ɗari, ta roƙi mai shara ta riƙa leƙowa tana cewa likita yana jira. Mai sharar ta ce ta ji daɗin wasan har ta ƙara da tsaki. Kafin awa guda hannun Umma ya koma irin na da. Ta ajiye wani sakamako, ta danna ta buɗe na gaba, sai zuciyarta ta ƙi amincewa, kamar yadda ta saba yi mata. Tun na gaban bai gama buɗewa ba ta koma baya, ta sake haɗa sunan da na jikin kwalba, ta sake danna ajiyewa. Allon ya tsaya cik.

Anti ta matso da kujera, ta sa bakin fensir a kan lambobi biyu. Allon yana nuna majinyacin baya, amma a cikinta manhajar ta riga ta riƙe lambar na gaba. Wanda ba ya komawa ya sake dubawa, tarkon bai taɓa kama shi ba.

"Tsantseninki ne ya ja miki," ta ce. "Ba ki yi kuskure ba."

Umma ta kifa kai a tebur, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Da a nan Anti ta tsaya, da an tafa mata. Amma sai ta koma cikin tsofaffin ƙorafe-ƙorafe, ta tono wani na shekara biyu kafin nan, inda wata ma'aikaciya ta rubuta cewa sakamako ya yi mata tsalle zuwa wani fayil. A ƙasansa an rubuta ba a ga matsala ba, an rufe. Hannun Anti ne. Ta gwada sau biyu a lokacin, ba ta ga komai ba, ba ta kuma kira matar ta tambaye ta ba. Oga ya ce ta cire wannan shafin daga bayanin bincikenta, ai babu wanda ya tambaya. Ta mayar da shi shafin farko na rahotonta. Bayan wata huɗu Umma ta koma aiki da takardar wanke suna. Anti kuwa ta samu takardar gargaɗi, shugabancin sashen da kowa ya san ita ke biye aka ba wani.

Ga inda kunyarmu take. Da Umma ta ji labarin shafin nan, godiyar da ke bakinta ta koma ɗaci. Ta ce da an duba tun farko, da ba ta ga wannan wulaƙanci ba. Ba mu je mun yi godiya ba. Shekara shida Umma da Anti suna haɗuwa a baranda, ina kwana, lafiya lau, kowa ta wuce. Ni ma na ɗauki fushin Umma na riƙe, ban ma fahimce shi ba.

Anti, ke ce kika zauna kika kalli hannun Ummanmu lokacin da kowa takarda yake kallo. Ke ce kika miƙa laifinki da kanki, alhali ke kaɗai kika san inda yake. Da kin ɓoye shi, da yau muna kiranki uwa a gidanmu, kuma na tabbata kin san haka. Mun gode, mai haƙurin jira, duk da godiyar ta makara ƙwarai. Allah Ya saka miki, Ya ba ki hutu mai daɗi. Masu irin aikinta kuma, don Allah kafin ku rubuta ba a ga matsala ba, ku kira mai ƙorafin ku ce ya nuna muku yadda yake yi.

Ranar sallamarta na je. Mutum goma sha biyu ne a ƙaramin ɗakin taro, da lemon kwalba da agogon bango a kwali. Oga ya yaba mata da zuwa aiki a kan lokaci. Babu wanda ya ambaci wancan rahoto. Na tsaya daga baya ina maimaita 'yan kalmomin da na tanada.

Can sai ga Umma a bakin ƙofa da farar rigar aiki, ba ta ce mini za ta zo ba. Ta tsaya kamar wadda ta yi ɓatan hanya. Anti ta hango ta, ta ɗauke jakarta daga kujerar da ke gefenta. Umma ta tako a hankali ta zauna.

"Yaya, ashe tafiya za ki yi," in ji Umma.

"Tafiya zan yi, 'yar'uwa. Har yanzu kina komawa ki duba?"

"Kullum."

"To, madalla."

Ban jira na ji sauran ba. Na ajiye lemona ban sha ba, na bi bayan masu ɗaukar hoto na sulale, kafin Umma ko Anti ta waiwayo.