Matakalar Shagon Aski

Akwai wani mai aski, tun yana saurayi yake aiki a shago ɗaya, ƙofarsa daidai da titi, ko mai dogara sanda bai taɓa shan wahalar shiga ba. Ba shi da yawan magana. Amma ya san wanda ke da tabo a ƙeya, ya san wanda ke gyangyaɗi da zarar an yafa masa tawul. Kawunan da ya fara askewa baƙaƙe ƙirin, a hannunsa suka yi furfura.

Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya miƙa wa babban ɗansa shagon. Ɗan ba rago ba ne, ba kuma marar kunya ba. Ya ɗaga daɓe saboda ruwan sama, ya sa ƙofar gilashi da matakalar tayil mai santsi. Samari suka cika wurin. Tsofaffi kuwa sai su tsaya daga ƙasa, su dubi matakalar, su ce dama wucewa suke yi.

Wanda ya fi tsaya wa mai askin a rai shi ne amininsa Direba, wanda ciwon gwiwa ya raba da mota tuntuni, sunan dai ya ƙi sakinsa.

"A sa mana ƙarfen dafawa," in ji mai askin.

"Baba, shagon zai koma kamar asibiti. Yaran nan a ƙofar suke ɗaukar hoto. In amininka ya zo, ni da kaina zan ɗauko shi."

Direba kuwa ba kaya ba ne. Aka fito masa da kujera bakin titi, ya ce bai kai a aske shi masu wucewa suna kallo ba tukuna. Daga ranar ya ɗauke ƙafa.

Kewa ta ishi mai askin, ya haɗa kayan aiki a jaka ya bi shi gida. Ya tarar an riga an yi askin, tudu da kwari, ga ɗan yanka a bayan kunne.

"Wa ya yi maka wannan ɓarna?"

"Autata ce. Injin aski ta sayo."

"Juyo in gyara."

Direba ya riƙe masa hannu. "Bari, ɗan'uwa. In ka taɓa za ta gane ba ta iya ba. Kuma ita ce za ta riƙa yi daga yanzu."

Mai askin ya ji zuciyarsa ta karye. Ya zauna kusa da shi, jakar a cinyarsa, bai buɗe ta ba.