Ranar da Sagynbek Ya Hau Jirgi

Maƙwabcinmu Sagynbek shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran jiragen sama a ƙaramin filin jirgin garinmu, a kudancin Kirgizistan, amma bai taɓa hawa ko ɗaya ba. Yana gama aikin soja ya kama wannan sana'a. Gajere ne kakkaura, kunnensa na hagu ya mutu saboda ƙarar inji. Da ɗayan yake gane jirgi marar lafiya tun kafin a buɗe cikinsa.

In an tambaye shi dalilin ƙin hawa, sai ya ce, "Ai na san abin da ke cikinsu."

Matarsa Burul ba ta raga masa. "Baban Nurzat, hatta ragon surukanmu an taɓa kai shi Bishkek, babban birninmu, a jirgi. Kai ne kaɗai ka rage a unguwar nan."

Shekarar da ya ajiye aiki, aka sa bikin 'yarsu Nurzat a Bishkek cikin hunturu. Ana saura kwana biyu ƙanƙara ta rufe hanyar duwatsu. Ya zagaya tashar mota sau uku, babu direban da ya yarda ya tashi. Haka Burul ta tasa shi gaba zuwa wani tsohon jirgi mai farfela biyu, wanda shi da kansa ya sha kwancewa da ɗaurewa.

Ya zauna ya runtse ido, yana ta addu'a. Ita kuwa tana raba wa fasinjoji busasshen cuku daga jakarta.

Da suka iso saman birnin, jirgin ya yi ta zagaye bai sauka ba. Sagynbek ya buɗe ido, ya karkata kunnen kirkin.

"Tayar gaba ba ta fito ba," in ji shi.

"Rufe mana baki, kada ka tsorata mutane!" in ji Burul.

Bai gama jin faɗan ba sai ga ma'aikaciyar jirgin a kansa. Ta sunkuya ta ce, "Baba Sagynbek, matuƙi na kiranka." Matuƙin, Kubat, ya san shi a wurin aiki, ya kuma gan shi lokacin shiga.

A ɗakin tuƙi ya tarar da maza biyu sun jiƙe da gumi suna fama da hannun sakin tayar na gaggawa, ya ƙi motsi.

"Kai, ku matsa! Haka ake yi wa tsohon jirgi?" Ya durƙusa, ya fara danna ƙarfen ciki, ya murɗa kaɗan, sannan ya ja. Aka ji ƙarar faɗowar taya a ƙarƙashin ƙafafunsu. Amma fitilar da ke nuna ta kulle ba ta kama ba.

Kubat ya dube shi. "Ta kulle ko ba ta kulle ba?"

"Ta kulle, na ji ta. Amma ka sauke mu a hankali, ɗana. Ina da 'ya a ƙasa."

Aka ce kowa ya dafe kai ya sunkuya. Motocin kashe gobara na jere a gefen titin sauka. Tayoyin baya suka taɓa ƙasa, Kubat ya riƙe hancin jirgin a sama iya ƙarfinsa, sannan ya ajiye shi sannu. Tayar ta riƙe. Jirgin ya kaure da tafi da salati, Burul ta miƙe tana ihu, "Mijina ne! Wancan kurman mijina ne!"

Fasinjoji suka shiga mota, shi ya ƙi. Sai da ya kwanta ƙarƙashin jirgin ya gano wayar da ta tsinke ya nuna wa makanikan wurin. Da sabuwar kwat ɗin biki ya yi wannan aiki, baƙin mai ya ɓata hannunta, shi ya sa a duk hotunan auren Nurzat hannunsa na dama yana ɓoye a bayan wani.

Yanzu shekarunsa saba'in da ɗaya. Yana kiwon zuma a bayan gida, yana kuma faɗa da jikokinsa a kan yadda suke ɗaure noti a kekunansu.