Ramin da ke Cikin Damtsena

Ina da shekara tara hannuna na dama ya karye. Ba faɗuwa na yi ba. Akuyar maƙwabta ce ta shigo gidanmu a Ƙofar Kuyambana tana cin geron da Inna ta shanya, na ɗauki totuwar masara na jefe ta. Sai na ji ƙas a damtsena. Totuwar ba ta ma kai rabin tsakar gida ba.

Baba ya ɗora ni a Vespa ya kai ni wurin wani tsohon maɗori a Ƙofar Kibo. Tsohon ya shafa hannun a hankali, ya tambayi yadda aka yi. Da aka gaya masa, sai ya mayar da karan ɗorinsa cikin jaka.

"Malam, jifa ba ya karya ƙashin yaro mai lafiya," in ji shi. "Ku je a ɗauki hoto tukuna."

A asibiti likita ya ɗaga hoton wajen taga ya nuna mana wani fili a cikin ƙashin, kamar ƙwan zabo. Ya ce rami ne mai ruwa a ciki, shi ya sa ƙashin ya yi sirara. Ya ce ba ciwon daji ba ne. Ya faɗa sau uku, saboda Inna ba ta daina kuka ba sai a na ukun.

Sannan ya ce hanya uku ce. Ko a rataye hannun a jira, domin wani lokaci karayar da kanta takan sa ramin ya cike. Ko a zuƙe ruwan a yi allura a cikin ƙashin, wataƙila fiye da sau ɗaya. Ko kuma a yi tiyata, a kankare ramin, a ɗebo ƙashi daga ƙuguna a cika shi.

"Wacce ce ba ya dawowa in an yi ta?" Baba ya tambaya.

"Babu," in ji likita. "Tiyata ta fi rage dawowarsa, amma ita ce babban aiki."

Baba magatakardan kotu ne, saboda haka da muka koma gida sai ya zaunar da kowa bayan la'asar, ya ce kowa ya faɗi hujjarsa. Shi tiyata yake so, a yi a gama. Inna ta ce a jira, don ba ta ga dalilin yanka yarinya wuri biyu saboda ciwon wuri ɗaya ba. Hajiya, mahaifiyar Baba, ta saurara har ƙarshe.

"Wato a huda ƙugun a toshe hannun," ta ce. "Shi ƙugun da me za a toshe shi?"

Baba ya ce likita ya ce yana cikewa da kansa. Hajiya ta ce to hannun ma ya cike da kansa mana.

Ni ba wanda ya tambaye ni. Da an tambaya, tiyata zan zaɓa, domin na ga ana raba wa yaran da aka kwantar shayi da burodi.

Aka jira. Wata uku hannuna yana rataye a wuya da tsohon ɗankwalin Inna. Karayar ta haɗe. Da aka sake hoto, ramin yana nan, bai ƙaru ba, bai ragu ba. A hanyar komawa gida Baba ya ce wa Inna ai ya riga ya faɗa.

Duk da haka ba a yi tiyatar ba. Ranar da aka nuna wa Baba tabon wani yaro da aka yi wa ita, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi likita yaushe ake yin allurar. Aka yi min ta farko bayan an sa ni barci. Ramin ya ɗan matse. Bayan wasu watanni aka yi ta biyu. A tsakani an hana ni gaɗa da ɗibar ruwa a rijiya da daka. Ban yi kewar biyun ƙarshe ba. Hajiya kuma ta sa ana dafa min romon ƙafar sa duk Juma'a, tana zaune sai na shanye.

Ina aji shida likita ya ɗaga hoto na ƙarshe, ya nemi ramin ya rasa, ya ce mu daina zuwa. Inna ta ce haƙurin jira ne ya yi aiki. Baba ya ce ai shi ya zaɓi allurar. Hajiya ta ce romo ne, kuma ba a yi mata musu ba har ta rasu.

Hannun ya ɗan fi na hagu gajarta, kaɗan dai. Teloli ne kawai ke lura. Yawancinsu sukan sake gwadawa, su duba tef ɗinsu.