Baba Mani da Masu Gadin Ɗorawarmu

"Baba, mi ya sa kullum kake warin kashin shanu?"

Amatullah ce, 'yata mai shekara huɗu, ta yi wa Baba Mani wannan tambaya a zaure, a gaban surukina. Ina tsakar gida na ji, kunya ta rufe ni. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce mata warin aikinsa ne, kuma ƙudan zuma sun fi son sa a kan turaren uwarta.

Baba Mani mai amya ne a ƙauyenmu, kusa da Mairuwa. Da an idar da Asuba yake fita, igiya a kafaɗa, raɓa tana jiƙa masa ƙafar wando. Da ciyawa yake saƙa amyarsa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya hau itace ya ɗaure. Sauran masu amya inda zuma za ta yi yawa suke nema. Shi itacen da ya ji ana cinikinsa yake nema.

Tun da daji ya zama wurin da ba a shiga da kwanciyar hankali, masu gawayi suka juyo kan itatuwan gonaki. Baba Mani ba ya faɗa da kowa. Sai dai ya je ya gaishe da mai gona, ya roƙi aron reshe ɗaya. Inna Suwaibatu ta Ruwan Godiya ta gaya mini kaɗanyarta bakwai har an yi musu alamar sara, Baba Mani ya ɗaure musu amya, yau duk suna tsaye, tana tsintar 'ya'yansu kowace damina. Makiyayan hanyar Sabuwa sun shaida ba su taɓa ganin ya cinna wa daji wuta don cin zuma ba. Ɗan hayaƙi kawai yake yi, ya ɗebi rabi, ya bar wa ƙudan zuma rabi.

Ni da kaina na so in hana shi. Akwai ɗorawa a gonar gidanmu. Daga gare ta nake samun kalwar daddawa, a inuwarta nake shimfiɗe Amatullah tana jaririya. In ta yi fure, jajayen furanninta suna reto kamar an rataya fitilu, iska na kaɗa su a hankali, har mutum ya manta aiki ya kawo shi. Yayan maigidana, Yaya Bilya, ya shirya da masu gawayi a kanta. Baba Mani ya ji, ya zo ya nemi izinin surukina, aka ba shi. Na tsaya bayan ƙofa na ce ban yarda ba.

"Baba, jaririya nike kwantarwa a gindin iccen nan."

"Ɗiyata," Baba Mani ya ce, "ƙudan zuma ana iya zama da su lahiya. In aka sare iccen, ina za ki kwantar da ita?"

Ya ce can ƙololuwa zai ɗaure, kada in hura wuta a gindin, kada in zo da turare, kada yara su yi jifa. Na bi abin da ya ce. Bayan kwana tara ƙudan zuma suka shiga amyar. Na kan kwanta kusa da 'yata in ji gunjinsu sama-sama, kamar karatun mutane da yawa daga nesa, har barci ya kwashe mu.

Masu gawayi suka zo da injinsu, suka ɗaga kai, suka ce sai an sauke amya. Yaya Bilya ya ce shi zai sauke. Ya dawo ido ɗaya a rufe, leɓe ya yi biyu, kwana uku matarsa tana ba shi kunu da ludayi tana ɓoye dariya. Da aka ci zuma, gidansa Baba Mani ya fara kai wa saƙa mafi kyau. Tun ranar bai sake zancen gawayi ba.

Baba, kai ne mai gadin da ba ya riƙe sanda. Kai ne ka sha harbi shekara talatin don 'ya'yan wasu su sami inuwa. Ba wanda ya ɗauke ka aiki, ba wanda ya taɓa kiran sunanka a taro.

Bana gwiwa ta hana shi hawa. Amya kuwa ba ta daɗewa. Ruwa ya dake ta damina biyu uku, ta ruɓe, ƙudan zuma su tashi. Masu gawayi sun san haka. Na lura sun yawaita tambayar jikin Baba Mani, kuma ba don zumunci ba. Shi ya sa na roƙe shi ya koya mini saƙa. Yana zaune a kan tabarma yana gyara mini hannu, yana cewa amyata ta fari ko kaza ba za ta shiga ba. Ta uku ya jinjina, ya ce ta yi. Maigidana ya hau ya ɗaure ta. Jiya Amatullah ta shinshina zanena ta ce ni ma na fara warin Baba.

Mun gode, Baba Mani. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sanya kowace inuwa da ka tsare a mizaninka. Mai gona, in kana da itace, je ka zauna gabansa ka koya tun yana iya nuna maka.

Kai kuma da kake jiran tsoho ya kwanta ka zo da inji, ka ji da kyau. Kafin ka taɓa ɗorawarmu, ɗaga kanka. Amya uku ce a sama yanzu, duka cike suke, kuma ni ce na saƙa sabuwar.