Kukun Gidan Lethbridge

Dorcas Pinnegar ta yi shekara talatin da ɗaya tana girki a gidan Lethbridge. Ba ta taɓa aure ba, amma Misis ake kiranta, kamar kowace kuku. Ni na yi shekara shida a ƙarƙashinta ina wanke-wanke, kwano ɗari da arba'in a rana idan an yi baƙi.

A 1931 Mista Aubrey, ƙanin maigidan, ya buga littafin binciken kisa. A ciki wata kuku mai ɗingishi da ƙafar hagu ta zuba wa tsohon maigida maganin ɓera a miya. Misis Pinnegar da ƙafar hagu take ɗingishi. Kwafi ɗaya ya zagaya gida ashirin da uku a ƙauyenmu.

Ranar bikin coci ta kai kek ɗin tuffa goma sha biyu, wanda kullum kafin rana ta take ya ƙare. Ko ɗaya ba a taɓa ba.

"Misis Pinnegar, nuna mana na abokan gaba mu kauce!" in ji Gadsby mahauci.

"Kai naman da kake sayarwa ya ishe ka," ta ce. Haka muka dawo da su gida.

Idonta bai da ƙarfi, sai ta sa na riƙa karanta mata littafin muna ɓarar wake. Kwana tara muka yi. A shafi na 140 ta tsayar da ni.

"Sake karantawa, Effie. Wa ya ajiye wa tsohon maigidan kwanon?"

"Kukun, da hannunta."

"A ɗakin cin abinci? Kuku?"

Washegari da rana mutum tara suna kan tebur, har da limamin coci. Ta hau matakala goma sha huɗu daga kicin zuwa ɗakin cin abinci da rigar girkinta, ina biye da ita da kwandon burodi.

"Ranki ya daɗe, ki gafarce ni," ta ce wa uwargida, sannan ta juya ga Mista Aubrey. "Yallaɓai, shekara arba'in kana cin abinci a gidan nan, ka taɓa ganina na ajiye maka kwano? Miya a tasa ɗaya take hawowa, Mista Orchard mai hidimar tebur ne ke rabawa. In na zuba guba, ku tara za ku tafi tare, har da Fada."

Limamin ya ajiye cokali.

"Haba Misis Pinnegar, ai labari ne kawai," in ji Mista Aubrey.

"To labarin ya dafa muku abincin Lahadi. Ƙarshen wata zan tafi."

Uwargida ta san samun kuku ya fi samun ƙanin miji wuya. Ran bikin girbi aka ga Mista Aubrey a gaban teburinmu na sayar da kek, ya ci yanka uku a tsaye, jama'a sun kewaye shi. Minti arba'in suka yi suna kallonsa ko zai faɗi, agogon coci nake dubawa. Daga nan kek goma suka tafi.

Ta fasa tafiya, ta ƙara shekara goma sha ɗaya a gidan. Matar Gadsby dai har ta rasu ba ta sake cin komai daga hannunta ba.