Yadda Inna Ta Naɗe Ƙosai da Sirrina

Shekarun baya, ina 'yar shekara goma sha shida, na taɓa rubuta littafin soyayya. Ba a buga shi ba, amma ya samu masu karatu fiye da yadda na taɓa mafarki, kuma har yau in na tuna hanyar da ya bi ya same su sai na ji tsikar jikina ta tashi.

Lokacin ina aji biyar a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Kankia, gidanmu kuma yana Kusada. Zuwana makarantar nan ba da sauƙi aka yi shi ba. Yayan mahaifina, wanda muke ce wa Baffa, ya tsaya kai da fata a kan cewa aji uku ya ishi 'ya mace, abin da ya wuce nan buɗewar ido ce kawai. Mahaifina ya yi ta lallashinsa, daga ƙarshe ya rantse a gabansa, ina zaune ina ji, cewa ranar da na jawo wa gidan magana ranar zan ajiye biro. Ni kuwa duk duniya ba abin da nake so kamar in gama makarantar nan.

To, akwai ɗan ladanin masallacin unguwarmu. Ya girme ni da kamar shekara biyu. Da tari ya matsa wa mahaifinsa, shi ya karɓi kiran asuba. Yana da tabo a girarsa ta hagu inda wani sa na huɗa ya taɓa tunkuyinsa, yana hawa wani koren keke marar birki da yake tsayarwa da silifas, kuma kafin ya ce Allahu Akbar sai ya yi gyaran murya sau biyu a lasifika. Maganar da ta taɓa haɗa mu ba ta wuce "ina kwana" da "lafiya lau" ba. Amma a cikin kaina mun yi nisa ƙwarai.

Duk abin da na kasa faɗa, sai na juye shi a takarda. Lokacin karatun yamma, ƙawayena suna fama da lissafi, ni ina duƙe ina cika littattafai uku masu jan bango, har da sa wa kowane shafi lamba saboda tsabar iyayi. Na canza masa suna, na canza nawa, kuma a nan wayona ya ƙare. Tabon na nan, koren keken na nan, uwar yarinyar ma ƙosai take soyawa kamar tawa.

Akwai shafi ɗaya da ba ƙagawa na yi ba. Ni ɗin da a da sai mahaifiyata ta yayyafa mini ruwa kafin in tashi sallar asuba, tunda yaron nan ya fara kira, duk hutun da na zo sai in farka tun kafin a kunna lasifika. Abin ya dame ni sosai. A shafin, yarinyar tana kan sallaya tana kuka, tana tambayar kanta ko don Allah take tashi ko don murya, tana roƙon Ubangiji ya raba sallarta da wannan yaro. Da hawaye na rubuta shi, har rubutun ya jiƙe a wuri biyu.

Da aka yi dogon hutu na damina na taho da littattafan gida. Na rasa inda zan ɓoye su, sai dabara ta faɗo mini: in cusa su cikin kwalin tsofaffin littattafaina na ƙaramar sakandare da ke ƙarƙashin gado, tunda ba mai leƙa shi. Abin da na manta shi ne, tun hutun baya na ce wa mahaifiyata in takardar naɗin ƙosai ta yanke mata ta ɗiba a kwalin nan. Ita ba ta karatun boko. A wurinta takarda iri biyu ce, mai tsabta da marar tsabta.

Sai aka yi haihuwa a gidan yayata a Dudunni, aka tura ni in taya ta aikin suna. Kwana uku na yi.

Ranar da na dawo, da hantsi mai mashin ya sauke ni a bakin titi. Na ja mayafi na bi ta gefen teburin mai shayi kamar kullum, kaina a ƙasa. Sai na ji muryar telan unguwarmu, yana karatu da ƙarfi yana jan kalmomi:

"Ya yi gyaran murya sau biyu, sai na ji zuciyata ta bar ƙirjina ta nufi masallaci ko mayafi babu."

Aka kwashe da dariya. Na san jimlar nan, kwana biyu na yi ina gyara ta. Na saci kallo, sai ga tela riƙe da takarda duk mai ya ratsa ta, ga rubutuna a jiki, ga wasu an jera a kan tebur an danne da gwangwanin madara.

"Kai, ɗiyar ga ta iya zance," in ji mai shayi. "To ina shafi na arba'in da ukku?"

"Yana wurin mai faci," wani ya ce. "Ya ce sai ya gama shi kawo."

Ban san yadda na kai gida ba. Na wuce mahaifiyata a zaure tana kankare kasko, ko sallama ban yi ba, na faɗa ƙarƙashin gado na jawo kwalin. Babu su. Na zazzage shi kaf a ƙasa, babu.

"Inna, ina littattafaina guda uku masu jan bango?"

"Ba ke kinka ce in ɗiba ba?" ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Su na fara ɗauka, takardarsu ta fi tsabta. Yau da sahe na ƙarasa na ukkun. Bangon ma ga shi nan ina fifita wuta da shi."

Na zauna daɓas a ƙasa. Da na faɗa mata abin da ke ciki, sai ta saki kasko ta dafe kai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Shi ya sa! Ni ina ta yaba waken da na sawo a garin Bauranya, ashe ba wake ba ne. Mai facin ga da bai taɓa sayen ƙosaina ba, jiya sau ukku yana dawowa, wai in naɗe mashi a takarda biyu kar mai shi ɓata mashi riga. Ke ɗiyar ga, kin kashe mu!"

Yanzu ina iya dariya in na tuna. A ranar kuwa ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Takardun daga ƙofar gidanmu suka fita, a unguwar kuma 'yar mai ƙosai ɗaya ce ke makarantar kwana. Ba wanda ya buƙaci a faɗa masa wa ya rubuta, ko wa aka rubuta.

Kafin azahar Baffa ya iso. Ina bayan katangar zaure ina jin su.

"Ka ji abin da ake karantawa wurin mai shayi?" ya ce wa mahaifina. "Ɗiyarka ce. Rantsuwa ka yi gabana, ba ni na tilasta ka ba."

"Na yi, Yaya," in ji mahaifina a hankali. "Ka ba ni kwana bakwai."

"Na mi?"

"Akwai abin da nike son in gani."

Saura kwana takwas a koma makaranta. Bayan la'asar na ga mahaifina ya shigo aljihunsa a cike. Ashe zagayawa ya yi, wurin mai shayi, wurin tela, wurin mai faci, yana karɓo takardun ɗaya bayan ɗaya. Ya shimfiɗa tabarma a rumfa, ya jera su bisa lambobin nan nawa na iyayi. Karatun yaƙi da jahilci ya yi, da yatsa yake bin layi leɓɓansa na motsi. Ina leƙensa ta labule, mahaifina yana karanta yadda zuciyata ta tafi masallaci ba mayafi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba, gaisuwata ma yana amsawa. Sai dai a irin wannan mako ne yake fara haɗa mini kayan komawa, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sabulu. Wannan karon akwatina na nan a saman sif, ba wanda ya taɓa shi.

Washegari da asuba ba a yi gyaran murya sau biyu ba. Tsohon ladan ne ya kira, muryarsa a dishe, tari na yanke shi, da ƙyar take kawowa gidanmu. Yaron ya daina kira. Duk inda ya bi a kan kekensa ana ta tsokanarsa, har ya tattara ya tafi garin Ƙofa wurin dangin mahaifiyarsa wai taya su noma. Bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba, na kore shi daga masallacinsu da biro.

Kwana bakwai ɗin nan ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Abinci ba ya shiga, barci rabi-rabi. Tun kafin tsohon ya fara tarinsa idona biyu, sai in ɗauki buta in fita bakin makwarara, wani lokaci ana yayyafi, in yi alwala in zo in yi ta kuka a sujada. Roƙona ɗaya ne, Allah kar a raba ni da makaranta. Na lura Inna ta daina leƙowa ta tashe ni, na ɗauka fushi ne.

Rana ta takwas, muna gama karin kumallo, mahaifina ya ce, "Sauko da akwatinki."

Na tsaya ina kallonsa. Inna ta fito da ƙullin kayan da ban san an haɗa ba. Ya ɗaure akwatin a gaban mashin ɗinsa, na hau baya, muka kama hanyar Kankia, gero ya yi tsawo dama da hagu. Muna dab da shiga gari ya sauka gefen hanya ƙarƙashin wata ɗorawa, ya kashe mashin. Bai juyo ba.

"Na karanta takardun ga," ya ce. "Wasu sun ɓata, wasu mai ya cinye rubutun. Son da kinka rubuta bai tada mani hankali ba, mu ma mun yi ƙuruciya. Wadda ta hana ni cin abinci ita ce wadda yarinyar ke tambaya don wa take salla."

Na sunkuyar da kai.

"Shi ya sa na ce ma innarki kar ta ƙara tada ki. Yaron ya bar kira, na ce bari in gani. In muryar ce ke tada ki, za ki makara. Kullum ina tsaye bayan ƙofa, ban fita masallaci sai na ji ƙarar butarki. Da kin makara ko sau guda, da yau kina gida kina surhe."

Ashe duk kwanakin nan jarrabawa nake rubutawa ban sani ba. Kuma maimakon in yi shiru in ci ribata, sai wannan bakin nawa ya buɗe da kansa.

"Baba, wallahi tsoro ne ya hana ni barci."

Ina faɗa na yi nadama. Wata motar itace ta zo ta wuce mu. Na riƙe gefen mashin ina jiran ya juya kansa Kusada.

"Tsoron," ya ce, "wurin wa kinka kai shi?"

"Wurin Allah."

"To riƙe da kyau mu tahi, kar a ruhe ƙofar makaranta."

Sai da na dawo hutu Inna ta faɗa mini sauran. A ranar da ya kai ni, ya buɗe rumbu ya auni gero ya ciyar da mutum goma, kaffarar rantsuwarsa. Baffa kuma bai sake taka gidanmu ba sai da Babbar Salla. Mahaifina bai taɓa ɗaga mini maganar ba har ya koma ga Allah.

Ɗan ladan na sake ganinsa sau ɗaya tak, bayan shekaru, a wani biki, yana riƙe da hannun 'yarsa. Muka gaisa kowa na kallon ƙasa. Na so in ce ya yafe mini, na kasa, kuma wannan yana cikin abubuwan da har yau suke ci mini rai.

Na gama makaranta, na wuce gaba, yau da karatun nake ci nake sha. Amma ba zan yi muku ƙarya in ce imanina ne ya cece ni ba, don ni na san wace ce ni a shekarun nan, mai barcin da sai an haɗa da ruwa. Allah ne ya rufa mini asiri, ya kuma ba ni uban da ya tsallake kunyar da na jawo masa a gaban maza ya je ya nemo abin da ya fi damuna a cikin takardu masu maiƙo. Wani lokaci in na makara yanzu, na farka na ga gari ya yi haske, sai gabana ya faɗi fiye da ƙima. Nakan zauna a bakin gado ina tuna cewa safiya ɗaya irin wannan, a cikin bakwai ɗin can, da ta isa ta raba ni da makaranta.