Robar da Sahura ta ɓoye a rufin ɗaki

Duk wanda ya taɓa sauka tashar Dogon Dutsi da safe ya san Sahura mai awara, ko da bai riƙe sunanta ba. Baƙa ce mai wushirya, ba ta iya miƙa wa mutum awara sai ta tsokane shi. 'Yar Dumega ce. Mijinta na fari, Zaidu, ɗan ci-rani ne a Kwatano. A shekara ta huɗu ya dawo yana tari, kafin kaka aka kai shi makwancinsa, kuma gadon da ya bar mata kaf shi ne sida, wato ƙanjamau. Da lokotoro, wato likita, ya gaya mata tana ɗauke da ciwon, ko uwarta ba ta faɗa wa ba, ta tattara kayanta ta dawo gari inda ba mai yi mata tambaya.

Shekara shida tana shan magani ba fashi, ta murje ta yi kyau. Sai ga Is'haƙa ɗan kabu-kabu mai ɗaukar mutane a moto, wato babur, mai cin awararta kullum, wai aure yake so. Ta zaunar da shi ta gaya masa komai. Wani namijin da ko moto ba zai tsaya tayarwa ba, da ƙafa zai gudu. Is'haƙa ya ɓace kwana uku, a na huɗu ya dawo ya ce, "Na tahi na tambayi lokotoro. Ya ce in kina shan magani, ni kuma ina sa kwaroron roba, ba abin da zai same ni. To mi ya rage?" Aka ɗaura aure. Daga ranar addu'ar Sahura ta zama guda ɗaya tak, kada mutumin nan ya ɗauki ciwo a jikinta.

A tagar da take karɓar magani a gidan likita, nan ake ba ta robar kyauta. Mai kauri ce, ga wari. Is'haƙa ya daure shekara guda, sai wata safiya tana tace waken suya ya ce cikin dariya, "Sahura, robar nan taku ai tiyub ɗin moto ce." Ita ma ta yi dariya, amma ba har zuci ba. Ta san maza. Wanda ya yi ƙorafi da wasa yau, gobe cewa zai yi ya gaji.

Ta je wurin Hajiya Samira mai sarin atamfa a Lome, ta rufe fuska da mayafi ta faɗi buƙatarta. Hajiya ta sheƙe da dariya ta ce, "Ke ɗiyata, ai duniya ta wuce nan! Can ƙasashen Asiya gasa ake yi ta wanda zai fi yin mai laushi, masu hali na rububi. Ku ne dai aka bari da ta sadaka." Da ta dawo ta kawo mata babban kwali. Marar kauri ce kamar ɓawon albasa. Is'haƙa bai sake ƙorafi ba, har waƙa yake yi in yana wanke moto.

To, ina za a ajiye kwalin? Ɗaki ɗaya gare su a gidan gandu, ga surukarta mai shigowa ba sallama, ta buɗe akwati, ta leƙa kwalla, wai neman allura take. Ban da Is'haƙa, ba wanda ya san ciwon Sahura a gidan, kuma matar aure da roba a ɗaki, ai magana ce har bakin rijiya. Sai ta yi abin da matan gidan ke yi da duk abin da ba su so a gani: ta taka turmi ta cusa kwalin tsakanin azara da kwanon rufi. Bazara ce, kwanon nan in ka taɓa shi da azahar sai ya ƙone ka. Ba wanda ya taɓa gaya mata zafi na cin roba. Rubutun jikin kwalin ma ba faransanci ba ne, balle wani ya karanta mata.

A cikin watan ne wata maƙwabciyarsu mai bakin tsiya ta samu aikin shara a gidan likita. Sahura ta je karɓar magani, ta hango ta da tsintsiya dab da tagar, ta juya. Ta ce sai mako mai zuwa. Mako ya zama wata, magani ya ƙare, tana lallashin kanta cewa ai akwai roba. Robar kuwa ta fara yagewa, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Duk sanda ta yage Is'haƙa sai ya ce, "Kar ki damu, ai kina shan maganinki." Kaico! Tsoro ya hana ta zuwa, kunya ta hana ta faɗi, ta riƙa kuka a kan kaskon suya tana cewa hayaƙi ne.

Bayan damina zazzaɓi ya kama Is'haƙa ya ƙi saki. Ran Juma'a da hantsi ya tsaya gaban rumfarta da takarda a hannu, idonsa ja. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "An same shi a jinina. Lokotoro ya tambayi inda muke ajiye robar, na gaya mai, ya ce zafin kwano ya kashe ta. Kar ki yi kuka, Sahura, ba laihinki ba ne. Ni na ce waccan ta yi kauri." Sannan ya ce ta hau moto ta raka shi tagar magani, tunda ita ta saba.

Ta hau, ba ta ko sauke kasko daga wuta ba. A tagar, malamar da ke ba da magani ta ɗago kai, ta gane ta, ta saki baki.

"A'a, Sahura! Kina raye? Wata biyar ba ki zo karɓar maganinki ba, har mun ce ko kin bar garin!"

Is'haƙa ya juyo a hankali ya dube ta.